Yatsun da Na'ura Ta Ƙi Karɓa

A aikinmu na gyaran kwamfuta, na fi son a kira ni a ce abu ya mutu da a ce ya yi nauyi. Wanda ya mutu ka san inda za ka taɓa. Amma wanda ya yi nauyi, yana aiki kuma ba ya aiki, shi ne mai sa mutum furfura da ƙuruciyarsa. Ga shi duk wanda ya gifta sai ya gaya maka abin da ke damun na'urar, har mai gadi. "Netwok ne," in ji kowa. Wallahi na tsani kalmar nan, don ba ta taɓa gyara mini komai ba.

A ƙarshen kaka ne abin ya faru, an gama da gero ana kan dawa. Wata ƙungiya ta zo da shirin raba filayen noman rani a ƙasan madatsar ruwan Goronyo ga manoman da ɓarayin daji suka kora daga ƙauyukansu. Sharaɗin shi ne kowa ya yi rajista da hotonsa da zanen yatsansa, don kada mutum ɗaya ya karɓa sau biyu. An kuma ce ranar da aka saki ruwa a magudanai, ranar za a rufe rajista. Ni aka ɗauka in haɗa na'urorin, tun da ɗan Achida ne ni, hanyar ba baƙuwata ba ce.

Bari in faɗi yadda haɗin yake, don a gane inda na sha wahala. Kwamfutocin da ke kan teburan ma'aikata ba cikakku ba ne, allo ne kawai da madannai da ɗan akwatin gilashi da ake ɗora yatsa. Ainihin kwamfutocin suna cikin babbar na'ura guda da muke kira saba, an rarraba cikinta kowane tebur da rabonsa, kamar gidan haya. Abin da suka rubuta kuma ba ya zama a wurinsu. Waya ce ke ɗaukarsa ta kai wani akwati mai fayafayai a ciki, wanda muke kira rumbu. Saba da rumbu suna wani ɗaki a Wurno. Teburan ofisoshinmu na Rabah da Goronyo ma daga wannan rumbun suke ɗiba suna zubawa, ta eriyar da muka kafa a kan dogayen ƙarafa.

Da farko abin gwanin sha'awa. Mutum ya zauna, a ɗauki hoto, ya ɗora yatsa, ya tashi. Har oganmu na Sakkwato ya kira ni yana yaba mini, abin da ba halinsa ba ne. Sai kuma aka fara kira na ana cewa abu ya fara ja. Kafin in ankara, ma'aikaci zai danna ya ajiye sunan mutum guda, ya tashi ya je ya yi alwala ya dawo, ɗan zoben nan na allo yana nan yana juyawa.

Ranar da na isa Wurno don in duba, na tarar da mutane cike da gindin itatuwan dogon yaro na ƙofar ofis, wasu a kan buhu, wasu a ƙasa. A nan na fara ganin wani tsoho. Dogo ne siriri, gemunsa fari tas, rigarsa ta koɗe amma a wanke take. Da ya ga na sauko daga babur da jakar kayan aiki, sai ya miƙe ya tare ni.

"Ɗana, kai na mai gyaran injin?"

Na rusuna na gaishe shi, na ce ni ne, Baba.

"To mi yas same shi? Kullum muna zuwa, kullum a ce mu dawo gobe."

Na ce masa yau in sha Allahu za a gyara. Haka muke faɗa kullum, mu masu gyara, tun kafin mu buɗe murfi.

Bai sake ni ba sai da ya gaya mini abin da ke ransa. Daga wani ƙauye yake a bayan Rabah. An ƙone musu rumbuna, an kashe babban ɗansa, ya kwaso matar ɗan da jikoki ya taho Sisawa wurin wani surukinsa. Shi mai albasa ne tun tasowarsa. Da ya ji labarin filayen, sai ya roƙi ɗan gefen lambu a wurin surukin ya yayyafa iri, don ranar da aka ba shi fili ya zama dashensa na hannu. Yanzu irin ya kai dashe, yana neman wucewa. In bai sami filin nan ba, ba shi da inda zai kai shi, ba shi kuma da abin da zai ciyar da yaran har damina. Kuma ba ya iya jira a layi ya wuce la'asar, don babu mai babur da zai yarda ya bi hanyar nan in rana ta yi sanyi.

Na shiga ɗakin saba raina a jagule. Na fara da abin da kowa ke zargi, don in rufe bakin mutane. Na gwada wayoyin ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu lau. Duk da haka na canza wadda ta haɗa saba da rumbu na sa sabuwa fil. Babu abin da ya canza. Na duba akwatin da ke rarraba wayoyin, fitilunsa suna ƙyafta ido yadda ya kamata. Na taɓa jikin rumbu na ji ɗumi, na ce to ko zafi ne, na aro fankar ofishin na kafa masa ita a fuska, ma'aikata suna gumi suna harara ta. Rumbu ya yi sanyi, nauyi na nan. Na tambayi fayafayan cikinsa ko akwai mai ciwo, duk suka ce lafiya. Na ƙara wa kwamfutocin cikin saba ƙarfi, na ɗebo daga nan na zuba can. Kamar ka zuba ruwa a rairayi.

Da la'asar ta gabato na leƙo ta taga, na ga tsohon yana naɗe ɗan buhun da yake zama a kai. Ya hango ni ya ɗaga mini hannu. Kunya ta hana ni fita.

Washegari na nufi Goronyo, don oga ya dage a waya cewa eriya ce ta karkace. Na hau ƙarfen nan, ni da tsoron tsayi, iska tana kaɗa ni, ina hango ruwan dam da masunta a kwalekwale, ina zagin aikin da wanda ya koya mini shi. Eriya tana nan daidai inda na bar ta. Daga nan na wuce Rabah, hanyar da ba ka bin ta sai da addu'a a baki, in ka ga babura sun taho daga nesa gabanka ya faɗi har su wuce. Can ma eriya lafiya lau. Na dawo da ciwon baya da haushi, ban ƙaru da komai ba sai abu guda: teburan Rabah da Goronyo da Wurno duk nauyinsu iri ɗaya ne. Ke nan ciwon ba a hanya yake ba, a rumbu yake.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wannan. In na ɗauki babban fayil guda, irin bidiyo mai nauyi, na tura rumbu, sai ya wuce fit kamar an harba shi. Amma ajiye sunan mutum ɗaya da hotonsa, abin da bai kai komai ba, sai ya tsaya yana nishi. Yaya jakin da ke gudu da buhu zai kasa ɗaukar mudu? Na zauna a ƙasan ɗakin nan na rasa ta inda zan kama. Sai na ce bari in buɗe folda, wato ma'ajiyar cikin rumbu da ake zuba zanen yatsu, in gani da idona. Na danna. Foldar ta ƙi buɗewa. Na jira har na gaji, da ta buɗe kuwa sai da na yi salati. Ƙananan hotuna ne na yatsu, ba su ƙirguwa, sun ninka yawan mutanen da muka yi wa rajista ninkin ba ninkin. Na buɗe wasu na duba. Yawancinsu ba zane a jiki, baƙin tabo ne kawai kamar an dangwala gawayi.

Na fito na ja kujera na zauna kusa da ma'aikaciyar tebur na farko. 'Yar Wurno ce, mai haƙuri, malamar makaranta ce da aka ɗauko don aikin. A gabanta wata tsohuwa ce zaune. Malamar ta kama babban yatsan tsohuwar ta ɗora a gilashi, na'ura ta nuna ja, alamar ta ƙi. Ta goge gilashin da bakin mayafinta ta sake ɗorawa, ja. Ta ce, "Inna, shafa shi ga goshi, ko zufa ta taimaka." Ja. Ta buɗe jaka ta ciro ɗan kwalbar man shafawa ta murza mata. Ja. Ta bar wannan yatsan ta kama na kusa da shi, ta bi su duka har ƙaramin, ta koma ɗaya hannun, ta sake dawowa na farko. Ina zaune ina kallo, kowane ja ɗin nan hoto ne ke tafiya ta waya ya faɗa rumbu. Manhajar ba ta zubar da wanda ya lalace, ajiye shi take yi. Kuma duk sabon mutum da ya ɗora yatsa, sai ta bi duk abin da ke cikin foldar nan ɗaya bayan ɗaya tana kwatantawa, har da baƙaƙen tabon, don ta tabbata bai taɓa yin rajista ba.

Na ce, "Malama, tun yaushe kuke haka?"

Ta ce tun ranar farko. Ta kama tafin tsohuwar ta juya mini shi. Sumul yake kamar bayan ƙwarya, sai tsagewar kaushi nan da can. Ta ce haka hannun mafi yawan dattawan yake, fartanya da turmi sun cinye zanen. Na Goronyo kuma igiyar taru ta yayyanka nasu.

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya ba tare da na shirya ba. Na ce ai ku ne kuke kashe na'urar! In ya ƙi sau ɗaya sau biyu, ba sai ku ce mutum ya tashi ba?

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Malam, wagga sa'ar kakata ta. Daga bakin daji ta taho da ƙahwa. Ni zan buɗe baki in ce mata ta tashi? Ga ta nan, kai ka hwaɗa mata."

Tsohuwar ta ɗago tana murmushi tana kallona, ba ta san a kan me muke ba. Ban faɗa ba. Can a wani gwajin da ban san na nawa ba ne, gefen wani yatsa ya kama, na'ura ta yi kore, malamar ta ce alhamdu lillahi kamar ita aka ba filin. Da na kira teburan Rabah da Goronyo na tambaya, duk haka suke yi. Babu wanda ya koya musu, babu kuma wanda ya hana su. Ba a dai tayar da babba daga kujera hannu wofi, shi ke nan.

Na fita bayan ofis na kira oga, ina murna ina kuma fargaba. Na bayyana masa komai dalla-dalla. Na ce gyaran kashi biyu ne. Na farko a ba ni izini in kwashe lalatattun hotunan daga foldar in kai su wani wuri, a kuma sa masu manhajar su hana ta ajiye su. Na biyu, a buɗe wata hanya ga waɗanda zanensu ya goge, a karɓe su da hoto da shaidar mai unguwarsu, tun da manhajar tana da wannan ƙofa, a kulle kawai take.

Ya ce na farkon ya yarda, in kwashe. Amma taɓa manhaja sai an rubuta wa masu ita, su kuma ba sa amsawa da wuri. Ƙofar shaidar mai unguwa kuwa, ya ce ba zai buɗe ta ba, don ta nan 'yan siyasa za su cusa yaransu a ce shi ya yi. Sai ya ce ai ga hanya mai sauƙi. Tun da yawan gwaji ne ke cika rumbu, zai sa a kulle gwajin daga can Sakkwato. Kowa sau biyu. Wanda ya ƙi, a ajiye shi gefe, a duba lamarinsa daga baya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, daga baya yaushe? An kusa sakin ruwa."

Ya ce daga baya dai.

Nan fa na manta da wa nake magana. Na ce masa ya taso daga ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ya zo ya ga hannayen da yake magana a kai. Na ce waɗanda suka fi kowa noma su ne za su faɗi, samari masu taushin hannu su wuce. Ya bar ni na gama, sannan ya ce da ni a hankali an ɗauke ni in gyara na'ura ne, ba in tsara shiri ba, kuma akwai ɗaruruwa a layi da za su rasa gaba ɗaya in aka ci gaba da jan nan. Abin haushin, wannan na ƙarshen gaskiya ne. Ya kashe wayarsa ya bar ni ina huci ni kaɗai a bayan ofis.

Na kwashe hotunan. Aiki ne mai cin rai, don rumbun da ƙyar yake sakin su, amma na gama. Daga Sakkwato kuma suka kulle gwajin yadda ya ce. Da safe aka kunna, abu ya tashi kamar sabo. Ma'aikaci ya danna, kafin ya ɗaga yatsa an ajiye. Layi ya fara tafiya, mutanen gindin itace suka miƙe suna kakkaɓe riguna. Mai gadi ya zo ya riƙe hannuna biyu yana cewa ai shi dama ya san netwok ne.

Kafin azahar layi ya kawo kan tsohon. Ina tsaye a bayan malamar lokacin da ya zauna. Ya gaishe ta, ya gaishe ni, fuskarsa a sake. Ya faɗi sunansa da na ƙauyensu da yawan bakin da yake ciyarwa. Aka ɗauki hoto, ya gyara zaman hularsa kafin a ɗauka. Sai ya miƙo hannu. Tun kafin ya kai gilashi na gani. Tafin kamar tsohuwar fata da aka jeme, ba layi ko ɗaya.

Malamar ta san gwaji biyu kawai gare shi, don haka ba ta yi gaggawa ba. Ta duba yatsun duka goma a hasken taga ta zaɓi wanda ya fi dama. Ta shafa masa mai, ta goge gilashi, ta yi bisimilla ta ɗora. Ja. Ta zaɓi wani, ta hura masa iska da bakinta, ta danna shi da hannunta biyu. Ja. Allon ya rufe, ya rubuto cewa a kira na gaba.

Ta juyo ta dube ni. Na sunkuya na karɓi madannan, na gwada duk abin da na sani. Na fita daga shafin na sake shiga, ya gane hotonsa ya ƙi. Na gwada ta teburin gefe, ya ƙi. Makullin ba a hannuna yake ba, ni da na haɗa komai na ɗakin nan da hannuna. Na kira oga, wayar ta yi ta ƙara bai ɗauka ba.

Idon malamar ya kawo ruwa. Tsohon ya dube ta, ya dube ni, ya gane. Bai jira kowa ya ce masa komai ba. Ya dafa tebur ya miƙe, ya ce mata, "Ba komi, ɗiyata. Ki kira na baya." Wani saurayi ya zauna a kujerar, ya ɗora yatsa, kore nan take.

Na bi tsohon waje. Ina ta zuba masa magana, cewa an ajiye sunansa, cewa za a duba daga baya, cewa zan yi ta kiran oga har ya gaji da ni. Duk abin da na faɗa na yi shi daga baya, na kira, na je har Sakkwato na zauna a ƙofar ofishinsa. Amsa ɗaya nake samu, ana kan dubawa. Amma a ranar, a gindin itacen nan, tsohon bai ma saurari alkawuran ba. Hannunsa yake kallo, yana murza babban yatsa da na kusa da shi.

Ya ce, "Ɗana, kai ka san kan abin ga. In na bar aiki da hannun, zanen na dawowa?"

Na san amsar. Ga mai ƙuruciya yakan dawo in an huta masa makonni. Ga mai shekarunsa, da wuya. Na ce masa wani lokaci yakan dawo, Baba, in hannu ya daɗe bai taɓa fartanya ba.

Ya gyaɗa kai, kamar mai auna maganar. Sannan ya ce, "To mi yaran za su ci kahin shi dawo?"

Tambayar nan har yau tana ci mini rai, ina faɗa ba ɓoyewa. Na yi gyare-gyare da yawa a rayuwata, babu wanda ya yi kyau kamar na Wurno, na'urar ba ta sake ko tari ba har aka rufe rajista. Mutane da yawa sun sami fili saboda shi, na sani, an kuma gode mini. Amma an saki ruwa ba a buɗe maganar waɗanda aka ajiye gefe ba, kuma yawancinsu dattawa ne irinsa.

A gindin itacen nan tsohon ya yi mini sallama, ya sa mini albarka, ya ce in gaida gida. Ranar bai jira la'asar ba. Ya tsayar da mai babur ya hau, suka nufi Sisawa da rana tsaka.